Alwala Ɗaya Tak

Wata takwas cur na yi ina sa mahaifina yana rasa jam'i. Ni ɗin nan, ɗansa na cikinsa, da ƙafafuna biyu lafiya lau, ga masallaci a bakin layinmu a unguwar Hindawiyya ta Jidda, wanda ko tsohuwa da kaya a ka za ta kai shi kafin ladan ya gama kiran salla. Yanzu in ina ba da labarin dariya nake yi har da hawaye, amma a lokacin wallahi ba abin dariya ba ne.

Baba ya taso daga ƙasar Hausa a ƙafa tun yana saurayi. Ya yi shekaru a Sudan yana cirar auduga har ya haɗa guzuri, ya haye Bahar Maliya a jirgin katako, ya sauke farali, sannan ya zauna a Jidda yana dako a mina, inda jiragen ruwa suke sauke kaya. A nan ya yi aure, a nan aka haife ni. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin an tayar da salla yana gida ba. Da tsufa ya zo yana ta rufe masa idanu, ya zama ba ya fita sai da ɗan jagora. Azahar maƙwabcinmu mai kanti ne yake kai shi, don ina wurin aiki. Sauran huɗun nawa ne, ya ɗora hannu a kafaɗata mu tafi.

To a daidai wannan lokacin ne waswasi ya kama ni. Ban san ta inda ya shigo ba. Zan tsuguna da buta, in wanke hannu, in kurkure baki, in bi komai daki-daki har in kai ƙafa, sai in ji wani abu a raina ya ce, "Ka wanke gwiwar hannun dama kuwa?" In duba, ga ta nan jiƙe sharkaf. Sai ya ce, "Wannan ai ruwan ɗazu ne." Shi ke nan, in koma farko. Sau uku, sau biyar, wata rana har bakwai. Baba kuwa yana zaune a kan benci a ƙofar ɗaki da sandarsa tsakanin ƙafafu, ya sa hula, ya shirya tsaf, yana jin liman ya yi kabbara, yana jin an yi ruku'u, ba zai ce uffan ba. In mun isa mu tarar ana fitowa, mu yi tamu mu biyu a gefe. Wannan shirun nasa ya fi duka ciwo.

Ga shi zamanin ba a kawo famfo unguwarmu ba. Saƙƙa ne yake kawo ruwa, wato mai ruwa, da garwa biyu a jikin sanda a kafaɗa, ya juye a randa. Gidanmu kaɗai yake zuwa sau uku a yini. Ran nan ya dubi matata ya ce, "Ya sitti, uwargida, kifi kuke kiwo a gidan nan?" Ita kuwa da ma bakinta ba ya ajiye magana. In na ɗauki buta sai ta ce, "Malam, a fito da kwale-kwale ko tukuna?" In taso mata da faɗa, ta yi shiru, amma ina ganin kafaɗunta suna rawa. Daga baya na gane tsokanar tata ta tausayi ce, ba ta san abin da za ta yi mini ba ne.

Aikina wanki da guga ne a gidan wani Bature na kamfanin jiragen ruwa, can wajen bakin teku. Kukun gidan mutumin Silan ne, ƙasar da ake kawo ganyen shayi. Gajere ne baƙi, kamar ɗan uwanmu, sai dai gashi mai santsi da ya fara furfura. Kowa Usta yake ce masa. Larabcinsa na kicin ne, bai fi cikin cokali ba, sauran da hannu da gira yake cikewa. Na san ba Musulmi ba ne, ba kuma Kirista ba, an ce ɗan addinin Buda ne, ni kuwa ban san ko mene ne wannan ba, ban kuma damu in sani ba. Abin da na sani shi ne bayan an ci abincin rana yakan shiga sito ya zauna a tabarma tsakanin buhunan shinkafa, ya miƙe baya, ya runtse ido rabi. Ni a zatona gyangyaɗi yake yi irin na ƙasarsu.

Tagar kicin tana kallon famfon da ke bayan gidan, inda nake alwalar azahar. Ashe duk wasan da nake yi da ruwa a kan idonsa ne. Wata rana yana kankare kwakwa ya leƙo ya ce, "Ya akhi, hannun nan naka ba ya jin magana ne? Kullum wanki, wanki, wanki."

Kai! Raina ya ɓaci. Na ce, "Ina ruwanka da alwalata? Je ka ji da albasarka!"

Ya yi dariya, ya koma ciki. Da na idar na tarar da kofin shayi a kan teburin guga, da madara da citta, irin wanda yake haɗa wa kansa. Na sha, amma ban yi masa godiya ba, don ni a lokacin akwai taurin kai.

Bayan kamar mako guda na zo aiki da safe bayan na sa Baba ya rasa asuba, ya rasa kuma isha'in jiya da magaribarta. Na zuba gawayi a dutsen guga ina fifita, ban ankara ba sai ga hawaye. Usta ya fito zubar da shara ya gan ni. Ya ajiye kwandon ya zauna a kan bokiti, bai tambaye ni komai ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, na kwashe labarin kaf na gaya masa, da Larabci, da Hausa in Larabcin ya ƙare, shi kuma yana ta gyaɗa kai.

Da na gama ya ce, "Lokacin da hannu yake wanke hannu, kai kana ina?"

Na ce, "Wace irin tambaya ce wannan? Ina nan mana."

Ya girgiza kai. "La'. Kana masallaci kana makara. Kana gaban babanka kana jin kunya. Hannu ya yi aikinsa, amma ba kowa a gida. Sai ka dawo ka ce, wa ya ga an wanke? Ba wanda ya gani. Sai ka sake. Kana sakewa kuma ka sake fita."

Na buɗe baki zan yi musu, sai na fasa. Gaskiya ce tsagwaronta. Ban taɓa kasancewa a wurin alwalata ba, kullum ina gaba ina tsoron abin da bai zo ba tukuna.

A ranar ya ba ni labarinsa. Yana saurayi aka kai shi gidan ibadarsu a ƙauye, aka aske masa kai ƙwal, aka ba shi mayafi ruwan goro. Shekara uku yana hannun wani tsohon malaminsu, kuma a cewarsa abin da ya fi yi a shekarun nan shi ne sharar tsakar gida. Tsohon yakan ce masa in yana shara ya san yana shara, in zuciya ta gudu ya san ta gudu, ya dawo da ita ba tare da zagi ba. Da mahaifinsa ya rasu ya ajiye mayafin ya shiga jirgin ruwa yana dafa abinci don ya ciyar da ƙannensa, har jirgi ya ajiye shi a Jidda. Ya ce zuciya aba ce da ake koya wa aiki, kamar yadda hannuna ya koyi guga. Ya nuna dutsen gugar ya ce in fara da shi: in ji nauyinsa, in ji zafinsa, in san na tura, in san na jawo.

Na ce wannan ai mai sauƙi ne. Tabɗi! Ban kai hannun riga ɗaya ba na tsinci kaina a Hindawiyya ina faɗa da matata a kan maganar shekaranjiya. Na dawo. Na tsinci kaina a mina ina kallon jirgi. Na dawo. Sai na fusata, na ce yau ko ni ko tunanin nan. Na cije haƙora, na runtse ido, na danne dutsen da ƙarfi ina korar duk abin da ya taso. Ƙauri ne ya farkar da ni. Na buɗe ido na ga kwalar farar rigar Bature ta yi baƙi ƙirin, da siffar dutsen guga ɓaro-ɓaro. Usta ya fito yana dariya har yana riƙe ciki. Na kai wa mai gidan na nuna masa, ya duba ya ce halas, wato ta gama aiki, Usta ya gaji rigar ya mai da ita tsumman sauke tukunya.

Da ya gama dariyarsa ya ce, "Na ce ka kore su? Cewa na yi ka san sun zo." Ya nuna mini ƙofar gida. Ya ce kullum masu talla suna wucewa suna kira, mai kifi, mai yadi, mai kankana. Yana jin su, ya san wane ne, amma ba ya barin tukunya a wuta ya fita ya saya, ba ya kuma fita da muciya ya bi su da gudu. In tunani ya zo in ce a raina, "tunani ne." In shakka ta zo in ce, "shakka ce." Shi ke nan, in koma kan aikina.

Washegari ya kira ni sito bayan cin abinci. Muka zauna a tabarma, ga warin shinkafa da busasshen kifi, ga zafin Jidda mai sa riga ta manne a baya. Ya ce in sa hankalina a bakin hanci, in ji iska tana shiga tana fita. Ban yi numfashi goma ba wani ƙuda ya zo ya sauka a kan hancin nawa, daidai inda aka ce in kula. Na ɗaga hannu, Usta ya ce, "La'. Kalla kawai."

Jama'a, ƙaiƙayi! Ƙudan nan ya yi ta yawo kamar gonar ubansa. Na zage shi a zuci, na zagi kakanninsa har na kasuwar kifi. Ya tashi ya tafi, ya bar mini ƙaiƙayin yana ƙaruwa, idona yana ruwa, yatsuna suna motsi da kansu. Na ce in ban sosa ba mutuwa zan yi. Ban sosa ba. Ina kallonsa ya kai maƙura, ya tsaya, sai ya fara raguwa kaɗan-kaɗan, can na neme shi na rasa. Na buɗe ido na ce, "Usta, ya tafi! Ban taɓa shi ba ya tafi!"

Ya ce, "Aiwa, haka ne. Shakka ma haka take. Tana zuwa, tana girma, tana tafiya. Kai ne ba ka taɓa jira ka ga tafiyarta ba, kullum sai ka sosa."

Ranar nan da murna na koma gida. Na sayi tamis, burodin can, mai zafi a hanya ba don an aike ni ba, ina tafe ina murmushi ni kaɗai, har awakin unguwa masu cin takarda sai da na yi wa sannu. Matata ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Lafiya, Malam? Ko tsintuwa ka yi?"

Amma da na kwana sai wani waswasin ya taso: ni Musulmi ɗan Musulmi, in koyi gyaran alwala a wurin wanda bai taɓa yin ta ba? Na tafi wurin limaminmu, wani dattijo Bahaushen Sudan mai son barkwanci, wanda da ma ya san matsalata. Na durƙusa na ce, "Allah gafarta Malam, ga abin da ake ciki."

Ya saurara har na gama. Ya ce, "Ya sa ka rusuna wa wani abu?"

Na ce a'a.

"Ya ba ka wani abu ka karanta?"

Na ce a'a, cewa ya yi in ina alwala in kasance a wurin, in shakka ta zo kada in biye mata.

Liman ya tafa hannu ya ce, "Ikon Allah! Ni sau nawa na gaya maka kada ka biye wa waswasi? Na faɗa da Hausa, na faɗa da Larabci, ba ka ji ba, sai da mai dafa shinkafa ya faɗa?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, kun ce kada in biye masa, amma ba ku nuna mini yadda ake ƙin biyewar ba."

Ya shafa gemu, sannan ya yi dariya ya ce, "Ka yi gaskiya, ɗan nan. Je ka. Niyyarka ta Allah ce, alwalarka ta Musulunci ce, hankalin da za ka zo da shi kuwa naka ne. Ka gaida mini kukun."

A famfon gidan Bature abin ya fara kamawa. Ina zuba ruwa ina jin sanyinsa yana gangarowa daga yatsu zuwa gwiwar hannu, ina nan, na gani da kaina. Da na kai ƙafa muryar ta zo kamar kullum, na ce mata, "shakka ce," na ja numfashi uku, na miƙe. Usta ya ɗago ludayi ta taga ya yi mini jinjina. Cikin kwana goma alwalar azahar ta zama sau ɗaya.

A gida kuwa, ina! Da na ji kiran salla, na hango Baba a kan benci, sai komai ya watse. In koma sau uku, sau huɗu, in tashi da haushin kaina. Na je na ce wa Usta abin nasa ba ya aiki a Hindawiyya. Ya ce ba shakka ce take kayar da ni a can ba, tsoro ne, shakkar a bayansa take ɓuya. Ya tambaye ni a ina tsoron yake zama a jikina. Na ce ban sani ba, tsoro ai tsoro ne. Ya ce in je in duba. Na duba kuwa, na same shi a maƙogwaro da ƙasan ƙirji, wani ƙulli mai zafi. Ya ce in ya zo in san ya zo, in bar shi ya zauna a inda yake, ni kuma in ci gaba da wanke hannuna. Haka na yi ta yi, yau a ci ni gobe in ɗan taɓuka. Daga huɗu na dawo uku, daga uku na dawo biyu. Muka fara samun raka'ar ƙarshe, wata rana biyu. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Ranar da abin ya faru wata Talata ce da la'asar, a tsakiyar zafi. Na dawo daga aiki, ladan ya fara kira, Baba ya laluba hularsa ya zauna a benci. Na cika buta na tsuguna a bakin magudana. Ƙullin ya zo maƙogwaro, na ce masa sannu da zuwa. Na yi bismilla. Ruwan randa da sanyi, na ji shi a tafin hannu, na ji shi a baki, na ji shi yana bin gemuna yana ɗiga. Hannun dama har gwiwa, na gani. Na hagu, na gani. Da na kai ƙafar hagu muryar ta taso da ƙarfinta duka, ta ce yau ma ka manta, ka sake, ka sake maza. Na tsaya a tsugune ina jin ta, numfashi ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ta kai maƙura. Ta fara sauka. Na ajiye butar da sauran ruwa rabi a ciki, na miƙe.

Matata tana bakin murhu, ta dubi butar, ta dube ni, ta sa hannu ta toshe bakinta. Karo na farko a zamanmu da ta rasa abin faɗa.

Na ce, "Baba, mu je."

Ya ɗago kai ya ce, "Yanzu?"

Na ce, "Yanzu."

Ya miƙe ya ɗora hannu a kafaɗata. Muka fito layi, rana tana dukan kwanon gidaje, mutane suna ta fitowa daga shaguna suna gyara hula, kuma a cikinsu muke tafiya, ba a bayansu ba. Wani ya ce, "Baba, barka da la'asar," Baba ya amsa da murya mai ƙarfi wadda na daɗe ban ji ba. Ni kuwa ji nake kamar in yi tsalle a tsakiyar titi, da gemuna da komai.

A ƙofar masallaci muka tarar da ladan yana tsaye yana jiran lokaci ya cika. Da ya gan mu ya washe baki ya ce, "A'a! Baba da kansa tun kafin a tayar? Ashe gwiwar ta yi sauƙi!"

Baba ya ce, "Alhamdu lillahi, an samu magani."

Na ce, "Wace gwiwa?"

Ladan ya dube ni da mamaki. "Gwiwar da take hana ku zuwa da wuri mana. Wata da watanni yana gaya mana ƙafarsa ce ba ta sauri, kai kuma kana haƙuri kana bin sa a hankali. Ai har addu'a muke yi maka, muna cewa Allah ya ba mu 'ya'ya irinka."

Na juya na dubi Baba. Mutumin nan bai taɓa ciwon gwiwa ba a rayuwarsa. Wata takwas ina tauye masa abin da ya fi so a duniya, shi kuma yana zuwa azahar da mai kanti yana ɗaukar laifin yana ɗora wa ƙafarsa, don kada a ce ɗansa ya samu taɓuwa. Na so in durƙusa a wurin in riƙe ƙafar tasa.

Ya matsa kafaɗata da yatsunsa ya ce, "Yalla, ɗan nan, ba a tsayuwa a ƙofa. Kai ni sahun gaba kafin a cike."

Na cire masa takalmi, na ja shi muka ratsa mutane har gaba. Na daidaita masa ƙafafunsa da sahu, na tsaya a damansa kafaɗa da kafaɗa, hawaye yana zuba ban share ba, ladan ya tayar da salla.